Tauraron da Ake Gadi Tun 1896

Idan kana da data a wayarka, shiga shafin ƙungiyar AAVSO, nemi wurin da ake zana hasken taurari, rubuta "SS Cyg", ka zaɓi shekara biyu ko uku da suka wuce. Abin da zai fito maka kamar haƙoran matsefi ne: layi a kwance a ƙasa, sai ya yi tsalle sama, ya ɗan jima a can, ya gangaro ya kwanta, bayan kamar mako bakwai ya sake. Kowane ɗigo a zanen nan wani ne ya fita waje da dare ya duba, ko da idonsa ko da kyamararsa. To tsawon matsefin nan ba shekara uku ba ne. Ya faro tun 1896, kuma a lissafin masu ajiye bayanan, babu tashi ko ɗaya da ya wuce ba a gani ba. Ka buga lissafi da kanka: sau bakwai ko takwas a shekara, shekara kusan 130, ka ga an haura tashi 900. An yi yaƙin duniya har sau biyu an gama, layin bai yanke ba.

Ranar da na fara sauke fayil ɗin gaba ɗayansa sai da kwamfutata ta yi nishi kafin ta buɗe shi. Kowane layi kwanan wata ne, da lambar haske, da haruffa biyu ko uku na sunan wanda ya duba. Da yawa daga masu haruffan nan sun rasu tun kafin a haifi kakana. Tarihin aikinsu nake so mu bi yau, da yadda aka yi har aka kai ga kama 'yan ƙananan tashi waɗanda ido ba ya iya rantsuwa a kansu.

Labarin bai fara da SS Cygni ba. Ya fara ne a Landan, daren 15 ga Disamba 1855. John Russell Hind yana aiki a ɗakin duba taurari na wani attajiri mai suna George Bishop, a Regent's Park, kuma sana'arsa farautar ƙananan duwatsun nan ne masu kewaya rana tsakanin Mars da Jupiter. Guda goma ya gano a rayuwarsa. A daren nan ya ga wani tauraro mai ɗan shuɗi a rukunin Gemini, a wurin da taswirarsa ta ce babu komai. Bai motsa ba, saboda haka ba dutsen da yake nema ba ne. Cikin 'yan kwanaki ya dusashe. Hind ya ɗauka noba ce, wato tauraron da kan haskaka sau ɗaya ya tafi abinsa. Sai ga shi a watan Maris na 1856, bayan kamar kwana 100, Norman Pogson ya gan shi daga Oxford ya sake kunnuwa. Shi ne ake kira U Geminorum, na farko a dangin da yanzu ake ce wa ƙananan noba.

Pogson ɗin nan kuwa, a wannan shekarar ta 1856 ya daidaita ma'aunin hasken taurari da muke amfani da shi har gobe, kuma sai ka san shi kafin mu ci gaba. Ma'aunin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. Idonka a daji, ba wuta ba wata, yana kaiwa mataki na 6. Bambancin mataki biyar ninki 100 ne na haske, mataki ɗaya kuma ninki biyu da rabi. U Geminorum yana zaune a wajen mataki na 14, ya tashi zuwa na 9, wato ninki 100. SS Cygni daga 12 zuwa 8 yake zuwa, ninki 40, kuma yakan yi hawan nan cikin kwana ɗaya.

Shekara 40 U Geminorum yana zaune shi kaɗai a danginsa. Na biyun bai fito daga bakin na'urar hangen nesa ba, daga kan gilashi ya fito. Ɗakin duba taurari na Harvard a Amurka, ƙarƙashin Edward Pickering, yana ɗaukar hoton sama a kan farantan gilashi dare bayan dare, yana kuma ɗaukar mata aiki a kan ɗan albashi su zauna da madubin ƙara girma suna auna ɗigo-ɗigon da ke jiki. Ɗaya daga cikinsu, Louisa Wells, ita ta lura a 1896 cewa wani ɗigo a rukunin Cygnus yana girma yana ƙanƙancewa daga faranti zuwa faranti.

Sa'ar da aka yi da SS Cygni ita ce wurin zamansa. U Geminorum yana kusa da hanyar rana, saboda haka duk shekara, wajen Yuni da Yuli, rana kan rufe shi, a yi watanni ba a san halin da yake ciki ba. SS Cygni kuwa can arewa yake, digiri 43 sama da tsakiyar sama, har a arewacin Turai ba ya faɗuwa sam. Ga shi kuma da haske daidai ƙarfin ƙaramar na'ura. Tauraro ne da talaka zai iya gadi.

Yaya ake auna haske da ido? Ba wani sihiri. Ana ba ka taswira mai ɗauke da taurarin da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda haskensu ba ya canzawa, kowanne da lambarsa. Ka duba naka, ka duba na 8.5, ka duba na 9.6, ka ce ya fi wannan dushewa amma ya fi wancan haske, ya ɗan fi kusa da na farkon, ka rubuta 8.9 da lokaci. Shi ke nan. Mutum ɗaya zai iya kuskure da kashi biyu ko uku cikin goma na mataki. Wani idonsa ya fi kama ja, wani gajimare ya ruɗe shi. Amma in mutum ashirin suka duba a dare ɗaya daga ƙasashe daban-daban, kuskuren wannan yakan cinye na wancan.

Pickering ya gane cewa ma'aikatansa ba za su iya gadin ɗaruruwan taurari masu canzawa ba, ya yi ta kiran masu sha'awa su shigo. A Ingila ƙungiyar BAA ta riga ta buɗe sashen irin wannan aiki tun farkon shekarun 1890. A Amurka wani lauya, William Tyler Olcott, shi ya amsa kiran, ya kafa AAVSO a 1911 da mutane ƙalilan, rahotanni suna zuwa ta gidan waya. A 1927 Frank Bateson ya kafa irinta a New Zealand don taurarin kudu, kuma daga can ne Albert Jones ya fito, mutumin da shi kaɗai ya yi awo fiye da 500,000 da idonsa.

Wanda na fi so a cikinsu Leslie Peltier ne, ɗan manomi daga Delphos a jihar Ohio. Yana saurayi ya tsinki 'ya'yan itacen sitiroberi a gonar babansa, awo 900, kowane awo santi biyu, ya tara dala 18 ya sayi na'urar hangen nesa mai faɗin inci biyu. Ya fara aika rahoto a 1918, ya ci gaba kowane wata har rasuwarsa a 1980, awo sama da 130,000. Amma abin da ya sa ba na manta shi wani dare ne da bai fita ba. Ya shafe fiye da shekara ashirin yana leƙa T Coronae Borealis, wanda ya taɓa kunnuwa a 1866, yana jiran ya sake. A wani daren Fabrairu na 1946 agogo ya tashe shi, ya ji mura na neman kama shi, ya koma ya ja bargo. A daren tauraron ya tashi. Wasu ne suka gani. Duk wanda ya yi aikin gadi ya san zafin wannan, kuma dalilin ke nan da ya sa ba a barin gadi a hannun mutum ɗaya.

Da bayanai suka taru aka fara ganin hali. Leon Campbell, mai ajiye lissafin AAVSO a Harvard, ya bi tashin SS Cygni ɗaya bayan ɗaya a 1934 ya rarraba su gwargwadon saurin hawansu. Akwai gajere mai kamar mako ɗaya, akwai dogo mai kamar mako biyu, kuma sau da yawa suna yin karɓa-karɓa, dogo sannan gajere. Akwai kuma wasu jefi-jefi masu hawa a hankali. Tsakanin tashi da tashi a matsakaici kwana 49 ne ko 50, amma fa matsakaici ne kawai, tauraron ba ya bin kalanda. A 1907 da 1908 ma ya bar tsarin baki ɗaya, ya yi ta 'yan ƙananan hawa da sauka marasa kan gado. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin mamaki, duk wannan lokaci babu wanda ya san mene ne abin da ake gadin. Fiye da shekara 50 mutane suna fita cikin sanyi suna rubuta lambobi a kan abin da ba su san dalilinsa ba.

Kuma saura ƙiris igiyar ta tsinke. A farkon shekarun 1950 Donald Menzel ya karɓi shugabancin ɗakin duba taurari na Harvard, kuɗi sun yi ƙasa, ya ga cewa wannan tsohon salon aiki ya sha gabansa. Ya dakatar da ɗaukar hoton sama na yau da kullum, abin da ya bar giɓi na kusan shekara 15 a farantan Harvard, giɓin da har yau ake kira da sunansa. AAVSO kuma aka ce ta nemi wani wuri. A 1954 ta kwashe kayanta ta koma ɗan ofishin haya, daraktarta Margaret Mayall ta yi wani lokaci tana aiki ba albashi. Ba na son in yi wa Menzel rashin adalci, yana da dalilansa, kuma ya gina wasu fannonin da suka yi amfani. Amma giɓin hoto ba ya cikuwa. Daren da ba a duba ba ya tafi ke nan, ko nawa za ka biya daga baya. Layin SS Cygni ya tsira ne don yana hannun mutanen da dama can ba biyansu ake yi ba.

A daidai shekarun nan ne amsar ta fara fitowa. A 1954 Merle Walker ya gano cewa DQ Herculis, noba ta 1934, taurari biyu ne masu kewaya juna cikin awa huɗu da minti 39. A 1956 Alfred Joy ya nuna SS Cygni ma biyu ne, suna zagaye cikin awa shida da rabi da 'yan mintuna. Robert Kraft ya bi sauran a farkon shekarun 1960 ya ga haka dangin suke duka. Ɗayan farin wada ne, gawar tauraro, girmansa kamar duniyarmu amma nauyinsa ya kusa na rana. Ɗayan kuma ɗan tauraro ne ja-ja mai sanyi. Tazarar da ke tsakaninsu a SS Cygni kusan ninki huɗu ce kawai ta nisan da ke tsakaninmu da wata. Kusancin ya yi yawa har farin wadan yana zuƙe iskar gas daga jikin abokinsa, iskar kuma ba ta faɗa masa kai tsaye, sai ta yi ta kewaya shi ta zama faifai.

To ina tashin yake faruwa? Wojciech Krzemiński, wanda ya nazarci husufin U Geminorum a 1965, ya ce jan tauraron ne ke kumbura da haske. A 1971 Józef Smak daga Poland, da Brian Warner tare da Edward Nather, suka nuna ba haka ba ne, faifan ne ke haskakawa. Daga nan aka shiga gardamar da ta ci shekara kusan ashirin. Ka ɗauki manomin rani da ya tare ruwa da laka a bakin kwali. In ka ga ruwa ya kwararo da ƙarfi, ɗayan biyu ne: ko an ƙara buɗe injin daga sama, ko ruwan ya taru ne a hankali har lakar ta ɓalle. Geoffrey Bath a Ingila ya ce injin ne, wato jan tauraron ne ke yin aman gas lokaci-lokaci. Yoji Osaki a Japan, a 1974, ya ce laka ce: gas yana zuwa daidai wa daida, faifan ne ke tarawa ya saki.

Abin da Osaki ya rasa shi ne dalilin ɓallewar. Reiun Hōshi a 1979, da Friedrich Meyer da Emmi Meyer-Hofmeister a 1981, su suka kawo shi, kuma haidurojin ne. In faifan yana da sanyi, gas ɗin ba ya gogar juna sosai, ba ya gangarawa ciki, sai ya yi ta taruwa. Yana taruwa yana ɗumi. Da ya kai wajen digiri 7,000, haidurojin ya fara rabuwa da ilaktoron ɗinsa, gas ɗin ya zama mai tare zafi maimakon ya bar shi ya fita, zafin ya ƙaru, gogayya ta ƙaru, wutar ta bi faifan kamar gobarar daji, kayan da aka tara na mako bakwai su kwarara kan farin wadan. In faifan ya rage nauyi sai ya huce, a koma tari.

Wannan bayani yana da kyau a takarda, amma da me za a gwada shi? Da matsefin nan. John Cannizzo da Janet Mattei, 'yar asalin Turkiyya da ta shugabanci AAVSO daga 1973 zuwa 2004, sun zauna a 1992 da lissafin SS Cygni na kusan ƙarni guda suka auna tsawon kowane tashi da kowace kwanciya, don duk wani lissafin kwamfuta na faifai dole ya iya haifar da dogo da gajere kamar yadda tauraron ke yi. A Oktoban 1996 kuma masu gadi suka ga farkon hawa suka sanar, aka juya taurarin ɗan Adam biyu, EUVE da RXTE, suka kalle shi. Hasken da ido ke gani ya riga tashi, hasken da ke fitowa daga can kusa da farin wadan bai biyo ba sai bayan kwana ɗaya ko fiye. Wato ana kallon gobarar tana tafiya daga waje zuwa ciki.

Sai kuma aka shiga uku a 1999. Bayanin Osaki yana da sharaɗi: in gas ɗin da ke zuwa ya yi yawa, faifan ba zai taɓa hucewa ba, zai zauna da zafi kullum, babu tashi babu kwanciya. An auna nisan SS Cygni da na'urar Hubble aka samu sama da tafiyar haske ta shekara 500. In yana da nisa haka kuma muna ganinsa da wannan haske, to ainihin haskensa ya yi yawa, gas ɗin ya wuce iyaka, bai kamata ya riƙa tashi ba sam. Ga shi kuwa yana tashi tun 1896. Ko dai awon ne ba daidai ba, ko bayanin da aka gina shekara 25 ya rushe a kan tauraron da aka fi sani. Kuma wa zai yi wa Hubble musu?

James Miller-Jones da abokan aikinsa suka ce a sake awon da na'urorin rediyo, waɗanda ake haɗa su daga nahiya zuwa nahiya su zama kamar ido ɗaya. Matsalar ita ce SS Cygni ba ya fitar da sautin rediyo mai ƙarfi sai a farkon tashi, na ɗan gajeren lokaci, kuma babu mai iya faɗin ranar. Sai aka koma wa masu gadi. Duk lokacin da wani ya ga ya fara hawa daga bayan gidansa, saƙo ya tafi, a juya manyan farantan rediyo na Amurka da Turai. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2013: shekarar haske kusan 370. Daga baya tauraron ɗan Adam na Gaia ya tabbatar. A wannan nisa lissafin ya zauna daidai.

Yanzu ga inda ido ya gaza. Duk abin da na faɗa a kan tashin mataki huɗu ne ko biyar, wanda ko sabon shiga ba zai kuskure ba. Amma in tashin rabin mataki ne fa? Kuskuren idon kansa ya kusa haka. A wajen 1990 Kent Honeycutt na Jami'ar Indiana ya kafa wata na'ura mai madubi santimita 41, aka sa mata suna RoboScope. Ba mutum a wurin. Ita ke duba ko gari ya yi garau, ta buɗe rufi, ta bi jerin taurarinta da kyamara ɗaya bayan ɗaya, asuba ta yi ta rufe. Daga cikin jerin har da tsofaffin noba da danginsu masu faifai mai zafi kullum, waɗanda a ƙa'ida babu abin kallo a wurinsu. Bayan shekaru ana tarawa, a 1998 Honeycutt da abokansa suka ba da rahoton cewa wasunsu, irin su UU Aquarii da Q Cygni da CP Lacertae, suna 'yan ƙananan tashi. Tsawon kwanakinsu da tazararsu kamar na ƙananan noba, amma hawan ba ya wuce mataki ɗaya, sau da yawa ma rabi da ɗan kai. Suka kira su tsumburarrun tashi.

Ka ga matsalar Hubble ce ta dawo ta bayan gida: taurarin da bai kamata su tashi ba suna tashi, sai dai a tsumbure. Wasu masana sun ce wani yanki ne kawai na faifan, bakinsa na waje mai sanyi, ke ɓallewa, sauran yana nan da zafinsa. Wasu sun ce cikakken tashi ne, amma wani haske mai ɗorewa a tsarin ya danne shi, kamar ka kunna tocila da rana tsaka. Wasu kuma suka ce ashe Bath bai faɗi ƙasa warwas ba, wataƙila a nan injin ne. Ni dai bayani na farko ya fi kwanta mini, don kamannin kwanakin da na ƙananan noba ya yi yawa a ce dace ne, amma har yanzu ana kai ruwa rana a kai. Abin da babu gardama shi ne, da dare goma aka ba Honeycutt a wata babbar na'ura, kamar yadda aka saba ba mu, da bai ga komai ba sai ɗan hargitsi a lambobi.

Shi ma lokaci yana canza halin tauraro ɗaya. GK Persei ya fashe a matsayin babbar noba a Fabrairun 1901, har ya shiga sahun taurari mafi haske a sama na 'yan kwanaki. Ya dusashe, ya yi shekaru yana ɗan rawa ba tsari. Masu gadi ba su bar shi ba. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin ya koma yin tashin mataki biyu zuwa uku, na kamar wata biyu, duk bayan kimanin shekara uku. Faifan da ya yi zafi bayan fashewar ne ya huce har ya shiga yankin da yake ɓallewa. Babu tallafin bincike na shekara uku da zai kama wannan. Ko na'urar Kepler, wadda ta riƙa auna V344 Lyrae da V1504 Cygni minti-minti, ta nuna abubuwan da ba a taɓa gani ba, shekara huɗu ta yi a kan filinta, daga 2009 zuwa 2013, ƙafafun da ke daidaita ta suka lalace.

Shi ya sa nake ɗan jin haushi in na ji abokan karatu suna cewa awon ido ya zama tsohon yayi tunda ga kyamarori masu share sama duk dare. Kyamarorin sun fi ido daidai, ba musu. Amma kowace da irin matatar haskenta, kowace da shekarar farawa da ta mutuwa. Idon ɗan Adam na 1900 da na yau iri ɗaya ne, kuma shi ne ma'aunin da ke ɗinke tsohon lissafi da sabo.

Na ce za mu dawo kan 1907. Daga wajen ƙarshen 2019 masu gadi suka lura SS Cygni ba ya komawa can ƙasa inda ya saba kwanciya, kwanciyar tana ƙara haske a hankali. A farkon 2021 matsefin ya lalace gaba ɗaya: tauraron ya maƙale a tsakiya, yana 'yan ƙananan hawa da sauka a kusa da juna, ba cikakken tashi ba cikakkiyar kwanciya. Mariko Kimura da abokan aikinta a Japan sun bi shi da hasken ido da na eksire, suka nuna cewa cikin faifan ya zauna da zafi, ya ƙi hucewa. Wato shi ma babban gidan ya ɗanɗana irin halin taurarin Honeycutt na wasu watanni. Da aka tashi tambayar ko ya taɓa yin mai kama da haka, sai aka gangara can farkon fayil ɗin, wurin layukan 1907 da 1908, waɗanda mutanen da suka rubuta su ba su ma san taurari biyu suke kallo ba. Daga baya ya koma tsohon halinsa, dogo da gajere.

In kana Kano ko Damagaram, a watan Oktoba da Nuwamba bayan isha'i yana can sama ta arewa, gabas da tauraron Deneb, kafin hazo ya yi kauri. A kwance sai da na'ura mai madubi kamar inci huɗu ko shida. In ya tashi kuwa, madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu ya isa, in ka fita daga hasken gari kuma taswirar tana hannunka.